Matar Gyartan Sama

"Wai shin, tun da aka kafa garin nan, an taɓa ganin gyartan da ya tafi ɗinkin sama ya dawo?"

Ta bayan danga na ji wannan tambaya, ina tsugune ina tankaɗe. Lantana mai ƙosai ce ta yi ta ga maƙwabciyarta, ba ta san ina kusa ba. Ɗayar ta ce, "Ke dai rage murya, amaryar tana ciki." Lantana ta ce, "Ai ita nake tausayi. Wata bakwai fa da aure." Rariya ta tsaya a hannuna. Na ci gaba da tankaɗena, domin ni ba mai cewa ba ce.

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya san abin da ke yawo a tsakaninsu, na fara. Ya ke wadda za ki fasa bakin goran nan bayan ƙasa ta daɗe da rufe idona, ki yi haƙuri da rubutuna. Karatuna bai yi nisa ba, baƙaƙena kuwa kamar kaji sun bi ta kan toka. Amma abin da na gani na gan shi, kuma ke kaɗai za ki buƙace shi.

Sunana Hansai, 'yar Kwarin Duma, ƙasar da duma ke yaɗo a kan kowane ɗaki, inda jariri ke wanka a ƙwarya, tsoho ya sha kununsa na ƙarshe a ƙwarya. A wurinmu kowa ya san sama ma ƙwarya ce da aka kife a kan duniya. Taurari huji ne da ƙwari suka yi mata, hasken waje ke yoyo ta ciki. Kaza da 'Ya'yanta wurin da ƙwarin suka taru ne, Gamzaki kuma shi ne hujin da ya fi girma. Bakin ƙwaryar yana zaune a kan ƙasa can gabas, ta ƙarƙashinsa rana ke kutsowa kowace safiya.

Gidan da aka kai ni gidan gyartai ne, masu ɗinke fasassun ƙorai. Amma akwai wani aiki a wuyansu da ya fi wannan. Duk bayan shekara saba'in da 'yan kai, sama takan tsage. Farar tsaga ce doguwa, da asuba ake ganinta kafin rana ta fito. Idan ta bayyana, babban gyartai zai ɗauki basillarsa ya nufi gabas har bakin ƙwaryar, kuma yakan rantse a gaban gari cewa ba zai sake taka Kwarin Duma ba sai ya ɗinke ta da hannunsa.

Sunan maigidana bai taɓa fita daga bakina ba, amma alƙalami ba shi da kunya: Cindo ake kiransa, don yatsa shida ne a hannunsa na dama, irin na kakansa Magaji. Shi Magajin ne ya tafi a wancan karon. Bayan wata biyu tsagar ta rufe, amma shi bai dawo ba. Mutane suka ce ta waje ya yi ɗinkin, ya rufe kansa a can. Matarsa ta yi shekara arba'in tana ajiye masa tuwo a akushi kowace yamma, da safe ta ba kaji.

To, a watan aurenmu na bakwai tsagar ta dawo. Surukina ya riga ya rasu, sai aikin ya faɗo kan maigidana. Ya yi rantsuwar a dandali. Mutum ne da ko da wasa ba ya iya ƙarya. Idan ƙwarya ta wuce gyara, zai ce wa mai ita ta wuce gyara, ko da ba mu da abin sawa a tukunya.

Ranar tafiya ya fito da jakarsa, ya same ni a bakin zaure da ƙullin kayana a ka. Surukata, Inna Yalwa, ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ke da ko sallama sai an kasa kunne ake jin taki, ke ce za ki bakin duniya?"

Maigidana ya ce, "Hansai, hanyar nan ba ta mata ba ce."

Na dubi ƙasa na ce, "Wa zai murza maka zare?"

Ya dubi hannunsa. Duk ƙwarewarsa a ɗinki, bai iya murza zaren kaba ba, yatsan nan na shida sai ya harɗe masa shi. Da uwarsa ce ke murza masa, daga baya ni. Inna ta dube mu, ta juya ciki, ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli ta ɗora mini a kan kayana. Ta ce a kunnena, "Ki dawo mini da shi. Ni ba zan iya ajiye tuwo shekara arba'in ba."

Muka bi gabas. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke sunkuyawa idan baƙo ya wuce, muka haye duwatsun da ke gumi da tsakar rana, muka bar ƙasashen da ake noman duma har muka shiga inda ba a san shi ba. Kowace asuba maigidana zai tsaya ya auna tsagar da taƙinsa ya yi ajiyar zuciya. Ni kuma ina bayansa ina kallon wani abu dabam. Ranar da muka fito, tsagar tana gefen Kaza da 'Ya'yanta. Bayan kwana goma ta bar su a baya. Ni 'yar gidan ƙwarya ce, na san tsaga tana ƙara tsawo, tana ƙara faɗi, amma ban taɓa ganin wadda ta tashi daga gindi ta koma baki ba. Kuma kullum siririn gefenta yana juya wa inda rana za ta fito baya. Na riƙe wannan a cikina.

A kwana na goma sha takwas muka iso Garin Baba, birnin marina. Hannun kowa shuɗi ne har gwiwa, har da liman. Tun daga nesa na lura da abu biyu: rigunan mutanen duk a yage suke ba faci, kuma a bakin ƙofa akwai wani tulin abu mai ƙyalli. Da muka matso na ga allurai ne. Wata mai tallan fura ta gaya mana dalili. Su a wurinsu sama zane ne da babban marini ya rina ya shanya, da rana ya koɗe, da yamma a sake tsoma shi. Abin da muke kira tsaga, su zare ne ya zare daga zanen. Don haka an hana riƙe allura a ƙasar, kada wani ya ɗaga hannu ya ja zaren sama ta warware. Wanda aka kama da ita, a karofi ake tsoma shi har sai ya rinu.

Maigidana yana sauraronta baki buɗe. Ni kuma na zura hannu a jakarsa a hankali, na zare basillar, na soke ta cikin kitsona na gyara ɗankwali.

Mai gadin ƙofa, wani ƙato mai shuɗin gemu, ya tare mu. "Kai baƙo, mece ce sana'arka?"

"Gyartai ne ni."

"Kana da abin ɗinki?"

"Ina da shi," in ji maigidana, don ba zai iya cewa babu ba. Ya buɗe jaka zai miƙa. Ya lalube, ya zazzage, ya sake lalubawa. Sai ya ɗora hannu a ka. "Wayyo! Basillar kakannina! Hansai, ta faɗi a hanya!"

Kukan da ya yi na gaskiya ne, har mai gadin ya shiga ba shi haƙuri. "Kai dai ka gode wa Allah, ɓatanta ya fi maka. Ita wannan matar taka kurma ce?"

"Kunya ce da ita."

"To ku wuce, Allah ya ƙara mata."

Sai da birnin ya ɓace a bayanmu, ya zauna a gindin wata tsamiya yana cewa shi ya gama yawo, na kwance ɗankwali na ajiye masa ita a cinya. Ya dube ta, ya dube ni. Ya yi dariya har ya kwanta. Daga nan ya ce, "Amma kin bar ni na yi kuka gaban ƙato."

Na ce, "Da ka sani, ai da ka faɗa masa."

Ya ce, "Da na faɗa."

Kwana tara bayan haka ƙasa ta ƙare mana. Muka tsaya a gaɓar Babban Tafki, ruwa iyakar gani, can ƙarshensa kuma ga sama ta sauko ta zauna a kansa sak, kamar murfi a kan tukunya. Maigidana ya durƙusa. "Ga bakin nan, Hansai! Mun iso!"

Masuntan wurin suka kewaye mu suka kai mu gaban Sarkin Ruwa, wani tsoho mai ido ɗaya da ake kira Makau. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ku mutanen tudu, kullum wuya a sama! Waccan ta bisa inuwa ce kawai. Sama ta gaskiya ga ta nan a cikin ruwa, da taurarinta da watanta, kakanninmu a kanta suke tuƙi. Tsagar ma a ciki take, mun yi sati uku muna jefa mata taru. Tun da Allah ya kawo mai ɗinki, gobe da asuba za mu ɗaura maka dutse a ƙugu ka nutsa ka ɗinke mana."

Maigidana ya ce bai iya iyo ba. Makau ya ce ai shi ya sa za a ɗaura dutsen. Har sun fara zaɓen igiya. Na ja rigarsa in raɗa masa magana, amma ya ruɗe, bai ji ba. Sai na ji wata murya ta fito, ashe tawa ce.

"Ranka ya daɗe, ba a ɗinkin ƙwarya da ruwa a cikinta."

Kowa ya juyo. Sai na ƙarasa. "Sai an juye, an shanya ta bushe. Ku kwashe ruwan, shi kuma zai ɗinke."

Makau ya dubi tafkinsa, ya dube ni da idonsa ɗaya. Ya tambayi maigidana ko haka ne. Maigidana ya ce wallahi haka ne, jiƙaƙƙiyar ƙwarya ba ta riƙe zare. Tsohon ya sosa ƙeya. "Kai, wannan 'yar shiru-shirun ta fi ka hatsari. Ku sa su a jirgi ku haye da su, kafin ta ce mu kwashe kifin ma."

Kwana uku muna kan ruwa. Maigidana yana zaune a goshin jirgi da basilla a hannu, yana jiran bakin sama. Da safe yana can gaba. Da yamma yana can gaba. Ko taƙi ɗaya bai matso ba. A rana ta uku tudu ya ɓullo, sama kuma ta ja da baya ta koma bayan tudun. Maigidana ya tashi daga goshin jirgin. Ya mayar da basillar jaka. Tun daga ranar ya daina dariya, ya daina auna tsagar, tafiya kawai yake, ƙafafunsa suna kumbura.

Haka muka isa Birnin Ma'auna, a kan wani tsauni. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. A kowane tsakar gida akwai sanda a kafe, an zana layuka kewaye da ita, mutane suna duba inuwarta kafin su ɗora girki. A kan soraye akwai dogayen bututu masu gilashi a baki, an saita su sama. Maigidana ya faɗi da zazzaɓi a zauren baƙi. Kafin barci ya ɗauke shi ya ce, "Gobe mu ci gaba." Na wanke masa ƙafa, na gasa su da ruwan zafi.

Ina cikin haka wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Ta tsaya ta ƙura wa hannunsa na dama ido. Ta ƙirga yatsun da bakin sandarta.

"Daga Kwarin Duma kuke," in ji ta. Ba tambaya ba ce. "Taso, 'yar nan. Na yi shekara talatin da huɗu ina jiran hannun nan."

Sunanta Gwaggo Shekara, ita ce babbar mai duban taurari ta birnin. Ta kai ni soronta, ta zaunar da ni, ta ɗauko wani duma zagayayye ta ɗora tururuwa a kai.

"Wannan mijinki ne. Ce masa ya je ƙarshen duman."

Tururuwar ta yi ta tafiya, ta zagayo inda ta fara. Na gane.

"Babu baki ke nan, Gwaggo?"

"Babu. Ƙasa ce a dunƙule, sama kuma ba ta taɓa ta ko'ina. Abin da kuke cewa tsaga, tauraruwa ce mai wutsiya. Hanyarta take bi, ta zo ta kewaya rana ta koma, sai bayan shekara saba'in da huɗu. Zuwanta shida ke rubuce a littattafanmu."

Na ce a hankali, "Shi ya sa take tafiya. Ta bar Kaza a baya. Kuma wutsiyar kullum tana guje wa rana."

Ta saki sandarta. "Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Ina bayansa ne, ina kallo."

"Ɗalibaina goma sha biyu, da bututu a hannunsu, uku ne suka lura da wutsiyar." Ta girgiza kai. "To ji sauran. Nan da kwana tara, ko goma, za ta shige cikin hasken rana, ba za a ƙara ganinta ba. Ko an ɗinke, ko ba a ɗinke ba."

Sannan ta ba ni labarin Magaji. Ina ce ta waje ya rufe kansa, ashe a nan ya ƙare. Ya iso birnin tana 'yar shekara tara, mahaifinta ya nuna masa duma da tururuwa kamar yadda ta nuna mini. Yana nan zaune tsagar ta ɓace ba tare da ya taɓa ta ba. Ya ce ya rantse sai ya ɗinke da hannunsa, kuma bai ɗinke ba, da wane ido zai shiga gari a yi masa guɗa? Ya zauna shekara arba'in yana yi musu gyaran kaya. Kowace yamma yakan fita bayan ganuwa ya zauna yana fuskantar yamma.

Na tuna akushin matarsa. Na tuna wanda ke kwance a zaure, wanda ya fi kakansa taurin gaskiya.

Gwaggo ta janyo wani abu daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsumma. Masaki ne babba, baƙi wuluk ta ciki, an yi masa huji ɗaruruwa. Ta ce in kifa shi a kaina in fuskanci taga. Na kifa. Wayyo, 'yar'uwa! Da rana tsaka ga taurari sun kewaye ni, kowanne a mazauninsa, ga Kaza da 'Ya'yanta, ga Gamzaki. A gefen gabas kuma ga wata doguwar tsaga, haske na kwarara ta ciki.

"Shekara goma sha ɗaya yana huda shi," in ji ta. "Tsagar da wuƙa ya yanka ta, daidai yadda ya gan ta. Na ce masa, Baba, kai da kake gyartai, ka ɗinke mana. Ya ce ba tasa ba ce, ta mai zuwa ce."

Na cire masakin na rungume shi. Na dube ta na ce:

"Gwaggo, kada ki nuna masa tururuwar."

Fuskarta ta canza. "Ni ba na ƙarya a kan sama, yarinya."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru nake roƙo. Kwana goma kawai."

"Shiru ma ai…" Ta tsaya. Ta dubi taga, wajen ganuwa. "Mahaifina ya gaya wa Magaji gaskiya, kuma gaskiya ce. Amma har ya mutu yana cewa da ma ya jira kwana biyu kafin ya faɗa masa." Ta ɗauki sandarta. "Idan ya tambaye ni, zan faɗa. Ki tabbata bai tambaya ba."

Da zazzaɓin ya sauka na ajiye masakin a gabansa. Na ce, "Kakanka a nan ya rasu. Wannan ya bari. Ya ce tsagar ta mai zuwa ce." Duk gaskiya ne, ban ƙara ko kalma ba. Ya kifa shi a kansa. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Daga cikin masakin muryarsa ta fito.

"Ashe ba da ƙafa ake zuwa ba. Ya sauko mana da ita ne, Hansai. Kawo zare."

Nan wahalata ta fara. Tsagar ba ta fi kamu ɗaya da rabi ba, aikin yini guda ne a hannunsa. Idan ya gama yau, gobe ya ga abin yana nan a sama, shi ke nan, zai ɗauki jaka ya yi gabas. Dole ɗinkin ya kai kwana tara. Zare kuwa a hannuna yake.

Ranar farko na ba shi taƙi ɗaya, na ce kabar garin nan ta bushe da yawa, sai an jiƙa. Rana ta biyu na ce ta jiƙu da yawa, sai an shanya. Ta uku na yanke a yatsa, kuma da gaske na yanke. Ta huɗu akuyar Gwaggo ta cinye abin da na murza, bayan na shafa masa gishiri na ajiye a gabanta. Gwaggo tana kallo daga soro, ta ce, "Akuyar nan ba ta taɓa cin zare ba sai bana." Ta koma ciki da sauri, na ji tana tari irin na mai danne dariya.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. A rana ta shida ne kawai ya ce, "Hansai, a gida kafin in sha ruwa kin murza kamu uku."

Na ce, "A gida ba na sama nake murzawa ba."

Ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Yi a hankali."

Wannan ta fi faɗa ciwo. Amma kowace asuba mukan hau soro, ga tsagar ta matsa kusa da inda rana ke fitowa, ta rage tsawo, ta dushe. Sai ya dubi ɗinkinsa, ya dubi sama, ya sauko yana cin abinci kamar mutum.

Rana ta tara da la'asar ya ɗaure ƙullin ƙarshe. Washegari muka hau soro. Ina addu'a a zuci. Gabas ta fara ja. Sai ga ta, 'yar fara-fara kamar an goga alli da yatsa, amma tana nan.

Ya zauna a kan dakali. "Ban iya ba," in ji shi. "Bari in tambayi tsohuwar nan, ko ta san…"

Na fizgi masakin na kifa a kaina, don kada ya ga fuskata. Rana ta ɓullo. A cikin duhun nan na bi ɗinkin da ido, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Can wajen wutsiya, inda wuƙar Magaji ta zame, wani haske siriri kamar gashi yana shigowa.

"Da saura," na ce. "Zo ka gani. Tana yoyo."

Ya karɓa ya duba. "Kai! Idona ya tsufa." Wurin ya yi siriri da basilla, sai ya nemo ƙaro ya narka, ya yini yana liƙewa, yana busawa, yana ɗagawa ga rana. Asubar da ta biyo muka tsaya mu uku a soro har rana ta yi tsawon sanda. Babu komai a gabas sai Gamzaki, shi ma ya shige. Maigidana ya kama hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Gwaggo ta buɗe littafinta ta rubuta kwanan wata. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Goma sha ɗaya. Na yi kuskuren kwana guda. Ku tafi da masakin, na gidanku ne."

Da za mu rabu ta cusa mini takardu da tawada a ƙullina. "Ido irin naki bai kamata ya tafi a banza ba."

Muka koma ta hanyar da muka zo. Makau ya ce tarunsu ne ya kamo tsagar. A Garin Baba an raba wa kowa allurarsa, suna ta faci, sun ce marinin sama ya mayar da zarensa. Maigidana bai yi musu da kowa ba. A Kwarin Duma Lantana mai ƙosai ce ta fara hango mu, ta saki matsami a cikin mai ta rangaɗa guɗa. Da aka taru a dandali aka ce ya ba da labari, abin da ya faɗa ke nan: "Na sami masakin kakana a tsage, na ɗinke shi. Zaren na Hansai ne." Ya zauna. Inna Yalwa ta fasa tsohon akushin nan a ranar, ta hura wuta da shi.

Yanzu masakin yana rataye a ɗakinmu. Ke da za ki karanta wannan, matar jikana ce ke ko ta ɗan jikana, ban sani ba. Zaren kaba ba ya kai shekara saba'in, zai ruɓe, tsagar za ta buɗe da kanta, mijinki zai sami abin ɗinkewa. Kada ki bar shi ya tafi shi kaɗai. Ki je Birnin Ma'auna ki tambayi kwana nawa suka rage, ki ƙara biyu a kai. Ki koyi murza zare, kuma ki koyi rashin sauri.

Jiya da hantsi yana zaune a rumfa yana gyaran ludayin wata mata, na kawo masa ruwa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin san har yau ina mamakin akuyar nan." Maganar ta taso mini har maƙogwaro, duma da tururuwa da gishiri da komai. Sai ya ɗago ya yi murmushi, ya miƙo hannun nan mai yatsa shida ya karɓi ƙwaryar, ya sha, ya ce ruwan ya yi sanyi.

Na koma ɗaki. Zan naɗe takardun nan in zura a gora, in toshe bakin da ƙaro, in rataye a bayan masakin. Ko ya sani, ko bai sani ba, yana gida, yana shan ruwa a inuwarsa. Ba zan tambaye shi ba. Ba zan gaya wa Inna ba, ba zan gaya wa abin da ke motsi a cikina ba idan ya girma. Muddin ina numfashi, ba mai jin wannan daga bakina.